Farashi uku a kan inji ɗaya: yadda ta kaya da Cayman ɗin Yaya a Zariya

Ranar da aka sauke ta daga kan tirela a ƙofar gidansa da ke Hanwa, sai da yaran unguwa suka yi mata zobe. Porsche ce, Cayman S ta 2006, baƙa wuluk, kujera biyu, ta yi ƙasa kamar mai rub-da-ciki. Wani yaro ya nace a buɗe masa gaba ya ga inji. Aka buɗe, ya tarar da ma'ajiyar jaka. Aka buɗe baya, nan ma haka. Injin yana tsakiya ne, bayan kujerun, a rufe ƙarƙashin kafet.

Mai motar ɗan wan mahaifina ne, ya girme ni da shekaru da dama, Yaya muke ce masa. Ɗan kwangila ne, motar aikinsa Hilux. Wannan kuwa ta marmari ce: tokumbo daga Amurka, ya saye ta a Legas a 2022, ba ya fita da ita sai ranar Juma'a da yamma ko in ana ɗaurin aure. Ni injiniyanci na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, don haka duk takardar da ta shafi motar wurina ake turo ta. Abin da zan rubuta nan daga waɗannan takardu ne, da abin da na gani da idona.

Da hunturun ƙarshen 2023 motar ta fara wani sauti idan tana tsaye a kunne, tak-tak-tak, kamar ana ƙwanƙwasa tebur da farce. Sai kuma ta fara shan baƙin mai. Ita ba ta da sandar da ake zarowa a duba mai, a kan allon gaban direba take nuna shi, kuma layin yana ta sauka duk bayan 'yan fita. Na aro kyamarar nan mai siririyar igiya, muka zura ta ramin filogi. A silinda ta biyar da ta shida ga zane nan a tsaye daga sama zuwa ƙasa, kamar an ja ƙusa a jikin tukunya.

Dole in ɗan tsaya a nan, don duk rigimar da ta biyo baya daga wannan wuri ta samo tushe. Injin wannan mota, wanda kamfanin ke kira M97, silinda shida gare shi a kwance, uku dama uku hagu, lita 3.4. Bulok ɗinsa alminiyam ne, gida biyu da ake haɗewa da kirankishaf a tsakiya. Kuma babu ƙarfe a cikin silindar. Bangon da fistin ke gogawa alminiyam ne da aka cakuɗa da silikon tun wurin zubi, suna kiransa Lokasil. Tunda alminiyam ba ya jituwa da ɗan'uwansa idan suna gugar juna, sai aka shafa wa jikin fistin ɗin siririn rufi na ƙarfe. Ranar da wannan rufi ya fara ɓarewa, fistin ya kama cin bango, bango ya kama cin fistin. Wannan ciwo sananne ne a injinan Porsche na wancan zamani, musamman silinda ta huɗu zuwa ta shida. Daga cikin abubuwan da masu gyaran injin ke ɗora wa laifi akwai nozul (bakin da ke fesa fetur cikin inji) mai ɗiga da ke wanke baƙin mai daga jikin bango, da jinkirin juyen baƙin mai, da barin mota a kunne tana tsaye alhali injin da sanyi. Na ƙarshen nan shi ya fi ci mini rai. Kullum da safe yaron gidan Yaya sai ya kunna ta ya bar ta kusan rabin awa, wai yana ɗumama ta, yana goge ta da tsumma. Ladabi yake yi. Haka aka koya mana da Fijo.

Farashi uku Yaya ya samu, cikin mako biyu, a farkon 2024, daidai lokacin da dala ta haye naira 1,500.

Na farko daga wani dattijon bakanike ne a Sabon Gari, wanda kowa ke kira Baba. Naira miliyan 2 da dubu 800, har da kuɗin hannu, mota ta tashi cikin wata ɗaya. Na biyu wani mai kayan mota a Legas, ya ce yana da injin tokumbo gaba ɗaya, miliyan 9, garantinsa mako guda daga ranar da aka ɗora. Na uku wani gareji a Abuja da ba ya taɓa komai sai motocin Jamus masu tsada. Shi da dala ya yi magana: 14,000, kuma ya ce wannan ƙiyasi ne, ba zai tsayar da magana ba sai ya buɗe ya auna. A canjin ranar, kuɗin ya haura naira miliyan 21. Yaya bai sayi motar kanta haka ba.

Na biyun bai daɗe a kan tebur ba. Injin da ya kai shekara goma sha takwas, mai irin wannan ciwo a jininsa, ba a san wanda ya hau shi ba, kuma mai shi ya ƙi a zura masa kyamara kafin a biya. Mako guda ba ya nuna komai a motar da ake fita da ita sau ɗaya a mako. Aka watsar.

Saura biyu, kuma a idon Yaya lissafin a bayyane yake: aiki ɗaya, wani ya ce uku, wani ya ce ashirin da ɗaya. Ya nuna mini hotunan garejin Abuja a Instagram, ƙasa shimfiɗe da tayil, yara sanye da riga iri ɗaya. Ya ce, "Ka ga wannan? Kuɗin tayil da na'urar sanyaya ɗaki zan biya. Da tsohuwar zuma ake magani."

Kuma ba laifinsa ba ne da ya amince da Baba. Sunan Baba ba na banza ba ne. Tun zamanin da kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya cika titunanmu da 504, shi yake sauke inji. Shi ya riƙa gyara wa mahaifina tasa. Direbobin hayar Zariya zuwa Kano, da masu Golf ɗin Funtuwa, har yau layi suke yi a wurinsa. Irin wannan suna yana da ƙwari, don motar haya tana cin kilomita ɗaruruwa kullum. In aikin bakanike na algus ne, kafin mako ya zagayo duk tasha ta ji. Mutumin da ya shekara arba'in a gaban irin waɗannan alƙalai bai faɗi ba, ya iya aiki.

Sai dai a kan wane inji ya yi sunan? Injin 504 bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, silindarsa kuma bututu ne da ake zarewa, abin da kanikawa ke kira silib. Ya cinye, ka zare, ka sayo sabo da fistin da ringinsa, ka zura. Ko Corolla da Camry na baya-bayan nan masu bulok ɗin alminiyam, akwai silib na ƙarfe a cikinsu tun daga kamfani. Duk rayuwar Baba, fistin a cikin ƙarfe yake gudu. Da ya leƙa ya ga zane a bango, maganin da hannunsa ya sani shi ya faɗa: a kai wa mai tana (mai injin sassaƙa ƙarfe) a Kaduna ya rarake silinda biyun, a buga musu silib.

Na san akwai matsala. Na faɗa wa Yaya a mota, a taƙaice, ya ce boko ne ke damuna. A gaban Baba kuwa ban ce uffan ba. Mutumin da ya san ni tun ina zuwa garejin riƙe da hannun mahaifina, in tsaya gaban yaransa in ce masa wannan ba aikinsa ba ne? Na yi shiru, kuma ina cikin waɗanda suka jawo asarar.

Gaskiya aikin da aka yi a garejin nan ya ba ni mamaki. Ana haɗa wannan inji ne ta wata hanya mai ban haushi: bayan an rufe gida biyun bulok, fistin ukun gefe guda sai ta wani ɗan rami a jikin bulok ake zura musu fil ɗinsu da ɗan zoben da ke kulle shi, ba ka ganin abin da kake yi. Kamfani yana da ƙarfe na musamman don haka. Baba ba shi da shi. Ya zauna a kan benci ya ƙura wa ramin ido kusan awa guda, ga shayinsa ya huce a gefe, sannan ya aika aka kira mai walda. Suka ƙera nasu da bututun ƙarfe da sandar bawul. Wani yaronsa mai siririn hannu ya riƙa turawa, Baba ya kara kunne a jikin bulok yana jiran ya ji "ƙyas". Sau uku aka ji. Taimin ma da fenti da ido aka saita shi, ba tare da makullan kamfani ba, kuma ya zauna daidai. Kwana talatin da biyar, aka murza makulli, mota ta tashi lafiya lau, babu tak-tak. Yaya ya ƙara wa yaran dubu hamsin na shan ruwa.

Abin da babu a aikin shi ne awo. Ba wanda ya rubuta faɗin silinda ko na fistin, balle ratar da ke tsakaninsu, wadda a irin wannan inji ba ta kai kaurin gashin kai ba. Mai tana ya yanko silib ɗin daga na wata motar dizal, ya rage shi ya dawo milimita 96, ya buga da ƙarfi. Fistin biyu tokumbo ne, ringi na wata mota aka goge bakinsa ya shiga. Ba a gwada nozul ko ɗaya ba.

Mako bakwai bayan haka, a hanyar Kano, gab da Kwanar Ɗangora, allurar zafi ta tashi, farin hayaƙi ya turnuƙe bayan motar. Da aka sake buɗewa, bangon alminiyam da ya rage a bayan silib ɗin silinda ta shida ya tsage daga sama har gindi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Silindar wannan inji a tsaye take ita kaɗai, ruwa na kewaye da ita, babu abin da ya tallafe bakinta. An rarake ta, ta yi siriri, an cusa mata ƙarfe da ƙarfi, ga shi alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Kullum aka kunna aka kashe, sai sun ja juna. Ruwa ya shiga mai, mai ya zama kamar kunun gyaɗa, metal (siririn ƙarfen da kirankishaf ke juyawa a kansa) ya tafi.

An yi zaman sulhu a garejin, gaban shugaban kanikawan yankin. Yaya ya zo da zafi. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, me na ce maka? Na ce zan tayar da mota. Ta tashi ko ba ta tashi ba?"

"Ta tashi, Baba. Amma ai ba don ta kai ni Kwanar Ɗangora ta ajiye na biya ba."

"Wannan gaskiya ne. Ni ma ban so haka ba. Wallahi da na san bangon nan ba ya ɗaukar silib, da ban taɓa ba."

Babu takarda ko ɗaya tsakaninsu, babu maganar garanti, don ba a saba ba. Da aka baje lissafi, kuɗin hannun Baba dubu 400 ne kacal a cikin miliyan 2 da dubu 800; sauran duk sun tafi wurin mai tana, da kaya, da baƙin mai, da zirga-zirgar Kaduna. Ya ce zai mayar da nasa, kuma ya mayar, kashi biyu. Yaya ya karɓi na farko, ya ce a bar na biyun.

A ganina Baba bai cuci kowa ba. Farashinsa na gaskiya ne, amma na wani aiki ne daban. Shi ya yi wa Yaya kuɗin gyaran Fijo, na Abuja ya yi masa kuɗin gyaran Porsche, Yaya kuma ya jera su kamar buhun masara biyu a kasuwar Giwa, yana tambayar wanne ya fi araha.

Da muka koma Abuja, wannan karon na zauna na karanta takardar ƙiyasin layi-layi, abin da ya kamata in yi tun farko. Kuɗin hannunsu bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Mafi tsoka shi ne bulok: ba a nan za a gyara shi ba, a akwati za a sa shi a tura waje. Kamfanonin da suka yi suna a wannan aiki 'yan kaɗan ne, irin su Hartech a Ingila da LN Engineering a Amurka. Su ba sa cusa ƙarfe cikin tsohon bango. Suna yanke silindar ne, su dasa sabuwa ta alminiyam, wadda aka yi wa cikinta rufin Nikasil mai tauri, don bulok da silinda su riƙa buɗewa tare. Sai fistin shida da ringin da suka dace da wannan rufi, da metal, da sarƙoƙin taimin, da famfon ruwa, da wanke nozul da gwada su. Sai kuma beyarin ɗin nan na sandar tsakiya da ake kira IMS, wanda ya jawo wa kamfanin Porsche ƙarar taron dangi a Amurka har aka sasanta a 2013. A injin 2006 an ƙara masa girma, ba ya fita sai an raba bulok, saboda haka duk mai hankali yakan duba shi tunda an riga an buɗe. A kan wannan duka ga kuɗin jirgi zuwa da dawowa, ga kwastam. A Amurka ma cikakken gyaran irin wannan inji a hannun ƙwararru yakan haura dala 15,000. Ashe tayil ɗin ba shi ne ya cinye kuɗin ba.

Amma kada a ɗauka na sallama wa na Abuja don yana da tsada. Tsada ba shaida ba ce, kuma sunansa bai sha gwajin da na Baba ya sha ba. Irin waɗannan motoci nawa ne a Arewa gaba ɗaya? Nawa ne aka sauke wa inji? Masu su ba sa hawansu kullum, sai mota ta shekara ba ta yi tafiyar da ɗan haya ke yi a wata guda ba. Inji zai iya zama da mugun aiki a cikinsa shekara biyu ba a sani ba. Wanda kuma tasa ta lalace ba ya faɗa a majalisa, don kunya, kuma don yana son ya sayar wa wani. Bidiyon da ake ɗorawa duk na ranar da aka tayar da inji ne. Ai na Baba ma ya tashi.

Don haka na ce mai garejin ya haɗa ni da mutum uku da ya yi wa irin wannan aiki. Bai ji daɗi ba, amma ya ba ni. Tambaya ɗaya na riƙa yi: tun da aka gama, kilomita nawa ka yi? Na farko ya yabe shi sosai, sai dai motar tana ajiye, bai yi dubu biyu ba. Yabonsa bai amfane ni da komai ba. Na biyu ya ce an yi masa alkawarin wata huɗu, ya kwashe takwas, kuma an ƙara masa kuɗi sau biyu saboda canji. Na uku ya haura dubu ashirin, har Legas ya je ya dawo, baƙin mai bai motsa ba. Mutum ɗaya tak, shi ne duk abin da zan iya kira hujja. Abin da ya ƙara mini nutsuwa shi ne wani fayil da ya ɗauko daga durowa ba tare da na tambaya ba: awon kowace silinda a wuri uku, na kowane fistin, ratar metal, da hoton matatar mai da aka yanka aka baje don a ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. Garantinsa shekara ɗaya, a rubuce, da sharaɗin a wurinsa za a yi juyen farko.

Da ya auna namu, farashin ya tashi daga inda yake. Tsagar ta kai gindin silinda, rabin bulok ɗin ya mutu, sai an nemo wani. Kirankishaf ma ruwa ya taɓa shi. Dala 14,000 ta zama 17,500. Wato gyaran Sabon Gari ya ci sama da miliyan biyu da rabi a hannu, ya kuma ƙara dala 3,500 a gaba.

Yaya ya yi wata biyu yana juya maganar. Wani dillali ya taya motar yadda take, ba inji, kuɗin da ko Corolla mai kyau ba za su saya ba. Ranar da ya yanke shawara ya kira ni bayan isha'i, ya ce, "Ƙanena, ka rubuta musu. Amma kashi uku zan biya, kuma kowane kashi sai ka ga takarda." Haka aka yi. An biya na farko, bulok ya tafi. Gangar motar tana nan Hanwa ƙarƙashin tamfol, bayanta ya ɗaga sama saboda babu nauyin inji, kyanwar gidan ta mayar da ita wurin barcin rana.

Hilux ɗin kuwa har gobe wurin Baba ake kai ta. Watan jiya ni na kai ta juye. Na tarar da rabin bulok ɗin nan da ya tsage a kan bencinsa. Ashe ya roƙi Yaya a bar masa. Ya wanke shi da fetur tas, yana nuna wa yara biyu bangon da farcensa, yana cewa su taɓa su ji, wannan ba ƙarfe ba ne. Da ya gan ni ya sallame su, ya jawo mini kujera.

"Injiniya, abin nan da suke zurawa a silinda mai agogo a kai, wanda ke faɗin faɗinta. Nawa yake yanzu?"

Na ce zan tambaya a Kano.

"Tambayo mini. Ka haɗa da na auna fistin. Amma kada ka faɗa wa Alhaji."